Tarkon Ƙudan 'Ya'yan Itace da Abincin da Ake Zuba Masa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Lambu a Katsina da Daura

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu lambun mangwaro, gwaiba da lemo a ƙasar Katsina da Daura, musamman idan bazara ta yi nisa aka fara ganin 'ya'ya suna zubowa cike da tsutsa, dillalai kuma suna karya farashi saboda kwandon da aka cika jiya ya fara ruɓewa kafin ya isa kasuwa.

1. Ta yaya tsutsa take shiga cikin mangwaron da ba a ga wata ƙofa a jikinsa ba?

Macen ƙudan 'ya'yan itace ce take sa ta. A ƙarshen cikinta akwai wani tsinke mai kaifi da take soke fatar ɗan itace da shi, ta ajiye ƙwai a ƙarƙashin fatar, ta tashi ta bar ɗan tabon da sai mai lura ne zai gani, wani lokaci da ɗan ƙaro yana tsattsafowa a wurin. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan yakan ƙyanƙyashe, tsutsotsi su shiga cin naman, ƙwayoyin cutar da suka shiga tare da sukar kuma su fara ruɓar da shi. Bayan mako guda zuwa biyu, gwargwadon zafin gari, ɗan itacen yakan faɗo, tsutsar ta fito ta nutse cikin ƙasa, ta ƙulle kanta a wani ɗan kwanso mai kama da ƙwayar alkama, bayan kimanin kwana 10 sabon ƙuda ya fito. A lokacin ɗumi zagayen gaba ɗaya bai cika wuce wata guda ba.

Wannan ƙuda daban yake da ƙanƙanin nan mai jajayen idanu da ke taruwa kan ruɓaɓɓen tumatir a kasuwa. Wancan sai abu ya lalace yake zuwa, wannan kuwa lafiyayyen ɗan itace yake nema tun yana bisa.

2. Ƙudan iri ɗaya ne, ko iri-iri ne?

Iri-iri ne, amma biyu ne suka fi damun mai mangwaro a Afirka ta Yamma. Na farko shi ne Ceratitis cosyra, ɗan asalin Afirka, wanda yake jure fari, ya kuma fi yawa tun lokacin rani kafin ruwa ya sauka. Na biyu shi ne Bactrocera dorsalis, baƙo daga Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru kuma ya bazu har yankinmu. Tsofaffin takardun malaman gona suna kiransa Bactrocera invadens, daga baya masana suka tabbatar ƙuda ɗaya ne. Shi wannan laima yake so, shi ya sa da zarar an yi ruwan farko sai yawansa ya tashi, ya afka wa mangwaron da ke nuna a makare, irin su Kent da Keitt, sannan ya koma kan gwaiba da lemo. Akwai kuma Ceratitis capitata mai son lemo, da wasu da suka fi son kankana da kabewa, waɗanda tambaya ta 14 ta yi magana a kansu.

3. Mene ne abincin tarko, kuma me yake jawo ƙuda zuwa gare shi?

Idan macen ƙuda ta fito daga ƙasa, ƙwan da ke cikinta bai ƙosa ba, kuma ba zai ƙosa ba sai ta sami abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, na kwanaki, sau da yawa mako guda ko fiye. A lambu tana samun wannan daga kashin tsuntsaye, da darɓa, da ƙwayoyin halittar da ke zaune kan ganye, ba a wadace ba. Abincin tarko shi ne duk wani ruwa mai furotin da ya fara tsami yana fitar da wari, musamman warin amoniya, wanda macen take bi saboda yunwa. Idan an zuba shi cikin tarko sai ta shiga ta nutse, idan kuma an gauraya shi da ɗan magani an yayyafa a ganye sai ta lasa ta mutu.

Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe a nan shi ne cewa akwai 'yan kwanaki tsakanin fitowar mace daga ƙasa da fara sukarta, kuma a cikinsu ne abincin tarko ya fi kama ta. Macen da ta riga ta ƙoshi, ƙwanta ya ƙosa, hankalinta ya fi karkata ga ƙamshin mangwaro. Daga wannan ne maganar lokacin farawa ta taso, wadda ke tambaya ta 8.

4. Na sayi wani magani da ake ɗigawa a auduga, tarkona yana cika da ɗaruruwan ƙudaje. Ba shi ke nan ba?

Wannan ba abinci ba ne, ƙamshi ne mai jawo maza kaɗai. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne metil yujinol, kuma namijin Bactrocera dorsalis kawai yake jawowa daga cikin ƙudajen da ke damunmu, yana kiransa daga nesa sosai. Ba ya kama mata, ba ya kuma kama Ceratitis cosyra, wanda namijinsa wani sinadari daban yake bi. Roba cike da gawa tana faranta rai, amma namiji ba ya suka, kuma 'yan mazan da suka tsira sun isa su haɗu da mata masu yawa.

Duk da haka ba a raina shi. Idan masu lambu da yawa suka rataye shi a fili mai faɗi, wata bayan wata, yawan maza yakan ragu har haihuwar ta ja baya. Abincin tarko kuwa ba ya kira daga nesa, 'yan mitoci ne iyakarsa, kamunsa ba shi da yawa a ido, amma mata sun fi yawa a cikinsa, kuma yana kama kusan kowane iri. A ganina wanda kuɗinsa bai kai na duka biyun ba, gara ya fara da abincin. Wanda zai yi amfani da duka kada ya haɗa su a roba ɗaya, domin mazan za su cika tarkon su ɓata ƙirgen da aka bayyana a tambaya ta 10.

5. Waɗanne irin abincin tarko ake sayarwa?

Akwai ƙwayoyin yis da ake kira Torula, waɗanda ake narkarwa cikin ruwa. An haɗa su da boraks, wanda yake rage saurin ruɓewar ƙudajen da suka nutse, don haka sun fi dacewa da wanda yake son ya ƙirga ya kuma tantance iri. Akwai narkakken furotin mai kauri da ake yi daga yis ko masara. Akwai kuma wanda aka riga aka gauraya da magani, wato GF-120, wanda a ƙasashen yammacin Afirka aka fi sani da Success Appat, shi kuma a ganye ake yayyafa shi kamar yadda tambaya ta 11 ta nuna. Samun waɗannan a shagunan magungunan gona na Katsina ba kullum ba ne, saboda haka ya kamata a fara cigiya tun hunturu. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, a kuma bi ma'aunin da ke jikin kwalba.

6. Za a iya haɗa abincin a gida?

Za a iya, sai dai ƙarfinsa bai kai na kanti ba, kuma yana saurin lalacewa. Mafi sauƙi shi ne yis ɗin burodi: a dama cokali biyu cikin lita guda ta ruwa mai ɗumi, a sa ɗan sukari kaɗan don ya tashi, a rufe a bar shi kwana biyu ko uku har ya yi tsami, sannan a raba shi a tarkuna tare da ɗigon sabulun ruwa marar ƙamshi, wanda zai sa ƙudan ya nutse maimakon ya tsaya a saman ruwan. A wasu ƙasashe ana sarrafa ragowar yis na masana'antar giya don wannan aiki, amma mu nan ba samunsa za mu yi ba, kuma mafi yawan mutane ba za su so taɓa shi ba. A Meziko masu bincike sun gwada jiƙaƙƙen kashin kaji, suka ga yana kama ƙuda saboda amoniyar da yake fitarwa, ko da yake bai kai furotin na kanti ba.

Ruwan mangwaro ko na gwaiba da ya yi tsami yana kama wasu, amma yana tara tarkacen ƙwari da yawa. Duk abin da mutum ya zaɓa, hanyar sanin amfaninsa ita ce ya rataye shi a wasu itatuwa, ya rataye wani iri a wasu, ya riƙa musanya musu wuri duk mako, ya ƙirga ƙudan 'ya'yan itace kaɗai, ban da ƙudan gida.

7. Yaya ake yin tarkon, kuma a ina ake rataye shi?

Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta wadatar. A huda ƙofofi uku ko huɗu a kafaɗarta da zazzafar ƙusa, faɗin kowace kada ya kai santimita guda, domin ƙofa mai faɗi tana shigar da ƙudan zuma da manyan ƙwari, tana kuma hanzarta ƙafewar ruwan. A zuba abincin kimanin rubu'in lita, ya tsaya can ƙasa da ƙofofin, a rufe murfin, a ratsa waya ta cikinsa. Idan aka shafa fenti ruwan ɗorawa a gindin robar yana ƙara jawo su. A shafa giris ko man shafawa a wayar don kada tururuwa su kwashe gawarwakin.

A rataye shi cikin inuwar itacen, kimanin mita biyu daga ƙasa ko sama da haka idan itacen dogo ne, a inda iska ke ratsawa kuma ganye bai toshe ƙofofin ba. Tarkon da rana ta buga kai tsaye ba ya kama abin kirki a bazarar Katsina. Don sa ido kawai, uku ko huɗu sun isa ƙaramin lambu, wasu a gefe wasu a tsakiya. Wanda yake son tarkon da kansa ya rage ƙuda kuwa yana buƙatar da yawa. A gonakin lemo na ƙasar Sifen sukan sa kimanin 50 a hekta guda, wanda ke nuna cewa roba biyar a lambu mai itace ɗari ba magani ba ce, ma'auni ce.

8. Yaushe ya kamata a fara?

Tun mangwaro yana ɗanye, makonni shida zuwa takwas kafin a fara tsinka. Mafi yawan masu lambu sai sun ga tsutsa suke tashi, alhali tsutsar da aka gani yau sukar makon jiya ce, kuma 'yan uwanta sun riga sun shiga ƙasa. Tarkunan sa ido a rataye su da zarar fure ya kaɗe 'ya'ya sun kama. Wanda yake da iri daban-daban, mai saurin nuna da mai jinkiri, ya sani cewa na farkon ne yake renon ƙudan da zai cinye na ƙarshen, don haka kada ya janye tarko bayan ya sayar da kason farko. Mai gwaiba da lemo, musamman a lambunan da ake ban ruwa kusa da madatsun Ajiwa, Zobe, Jibiya da Sabke, inda laima da 'ya'ya ba sa yankewa, gara ya bar 'yan tarkuna duk shekara.

9. Sau nawa ake canza ruwan?

Sau ɗaya a mako. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a leƙa bayan kwana uku ko huɗu a ƙara ruwa idan ya ja ƙasa. Tsohon ruwan kada a zubar da shi a gindin itace, kada kuma a bar shi ya zuba a bayan robar, domin ƙudan zai ci a waje ya ƙoshi bai shiga ba. A tara shi a bokiti a binne nesa da lambun.

10. Yaya zan gane ƙudan cikin tarkacen da tarko ya kama, kuma me ƙirgen yake gaya mini?

A tace ruwan da rariya a baza abin da ya fito kan farin faranti. Bactrocera dorsalis ya kusa girman ƙudan gida, amma ya fi shi siriri, fukafukansa garau ne da duhun layi a gefen gaba, yana da zane ruwan ɗorawa a kafaɗu da baƙin layi a tsakiyar bayan cikinsa wanda wani layin ya gitta. Ceratitis cosyra ya fi ƙanƙanta, jikinsa ruwan ɗorawa ne da baƙaƙen ɗigo a bayansa, fukafukansa kuma suna da rodi-rodi. Mace ana gane ta da tsinin ƙarshen cikinta.

Malaman gona suna raba yawan ƙudan da aka kama da yawan tarkuna, sannan da yawan kwanaki. Misali, idan tarko 4 suka kama ƙuda 56 cikin kwana 7, kowane tarko ya kama 2 a rana ke nan. A rubuta wannan a littafi duk mako. Adadin mako guda ba ya faɗin abu mai yawa, amma idan ya ninka daga mako zuwa mako, ko aka ga mata sun fara yawa yayin da 'ya'ya ke ƙosawa, lokacin yayyafi ya yi. Littafin bana kuma shi zai nuna makon da ya kamata a shirya baɗi.

11. Yaya ake yayyafa abincin a ganye, kuma yana aiki kuwa?

Wannan ita ce hanyar da ta fi rage ɓarna a lambu mai girma, domin maimakon a jira ƙuda ya sami ƙofar roba, ana shimfiɗa masa abincin a inda yake hutawa. Success Appat yana ɗauke da maganin sifinosad, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, kashi 0.02 cikin 100 kacal. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne lita 1 cikin lita 5 na ruwa don hekta guda. Ba a jiƙa itacen duka. A kowane itace ana zaɓar wuri kamar murabba'in mita guda a cikin inuwa, a buɗe bakin famfon feshi yadda zai fitar da manyan ɗigo, a nufi ƙarƙashin ganye, a kauce wa 'ya'yan. Ana maimaitawa duk mako, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi, ana sauya reshe don kada ganyen ya ƙone ko ya yi baƙi. Da sassafe ya fi, kuma abin da aka dama a ƙarar da shi a ranar.

Game da aikinsa, gwajin da aka yi a gonakin mangwaro na arewacin Jamhuriyar Benin a 2006 da 2007 ya nuna cewa yayyafin mako-mako ya rage tsutsa da fiye da kashi 80 cikin 100 idan aka kwatanta da gonakin da ba a yi wa ba. Sharaɗin shi ne kada a tsallake mako.

12. Me zai hana in yi wa itacen feshi gaba ɗaya, ko in zuba maganin ƙwari mai ƙarfi cikin robar?

Ƙwai da tsutsa suna cikin ɗan itace, feshi ba ya kai musu, ƙudan kuma yana tashi ya dawo. Tsohon mangwaro ya fi ƙarfin famfon goyo, maganin yakan dawo kan mai feshin, ya kashe ƙwarin da ke cin ƙwarin ɓarna, ya kuma zauna a fatar abin da yara za su ci ba tare da wankewa ba. Cikin roba kuwa ba a buƙatar guba sam, nutsewa ta isa, warin maganin ma yana iya korar ƙudan. Robar ruwa mai ɗauke da guba, rataye a lambun da almajirai da 'yan kiwo ke shiga neman mangwaro, haɗari ne da babu dalilin ɗaukarsa.

13. Tarkon ba zai kashe ƙudan zuma ba?

Ƙudan zuma zaƙi yake bi, warin furotin bai dame shi ba, shi ya sa aka ce a rage sukari, kada kuma a sa zuma ko maɗi, a kuma ƙanƙanta ƙofofi kamar yadda tambaya ta 7 ta faɗa. Abin da ba a cika sani ba shi ne cewa ƙudan gida da koren ƙuda suna cikin manyan masu ɗaukar garin fure tsakanin furannin mangwaro, kuma su suna son abincin tarko. Saboda haka lokacin da itace yake cikin fure ba a cika lambu da tarkuna, ba a kuma yin yayyafi.

14. Wannan hanya tana aiki ga kankana, kabewa da gurji?

Tana aiki, da ɗan bambanci. Ƙudajen da ke sukar waɗannan, irin su Zeugodacus cucurbitae da dangin Dacus, ba sa yini a kan yaɗon. Sukan shigo su yi suka su koma hutawa kan tsirrai masu tsawo a gefen gona. Don haka mai kankana a fadama ya shuka layin masara ko dawa a kewaye tun da wuri, ya yayyafa abincin a ganyensu, ya rataye tarkunan a can. Metil yujinol ba ya jawo su. Suna kuma sukar 'ya'yan tun suna ƙanana, don haka ba a jiran su girma.

15. Na rataye tarko, ina yayyafi, amma har yanzu ina ganin tsutsa. Ina matsalar take?

Sau da yawa tana ƙarƙashin itacen. Kowane mangwaron da ya faɗo aka bar shi yana iya fitar da ƙudaje da dama, kuma babu tarkon da zai iya da ƙudan da ake ƙyanƙyashewa a gindinsa kullum. A tsince zubabbun 'ya'ya aƙalla sau biyu a mako, kullum ma ya fi idan zubar ta yi yawa, tare da waɗanda suka nuna alamar suka tun suna bisa. A ɗaure su cikin baƙar leda mai kauri marar huji a ajiye a rana na kwanaki, zafin bazara zai kashe tsutsar. Ko a binne su a rami, ƙasar da ke kansu ta kai rabin mita. Ko a ba dabbobi a ranar da aka tsince. Tara su a kusurwar lambu ko binnewa sama-sama taimakon ƙudan ne. Ɗan kaftu a gindin itace yana tono kwanson da aka ambata a tambaya ta 1, rana da kaji su gama da shi.

Idan tsaftar ta yi kyau amma ɓarnar ba ta ragu ba, a duba waje. Ƙudan yana rayuwa a gwaibar cikin gidaje, da gwanda, da yazawa, da itatuwan daji irin su danya, gwandar daji da kaɗanya, kuma ba ya sanin iyakar lambu. Inda lambuna suke jere a bakin rafi ɗaya, mutum guda ba zai ci nasara shi kaɗai ba. Abin da ya dace shi ne masu lambun su zauna, ta ƙungiyarsu ko ta hannun mai unguwa, su tsayar da rana ɗaya a mako ta tsinta da yayyafi, su kuma haɗa kuɗi su sayi maganin tare, tunda lita guda ta fi ƙarfin buƙatar mai itace goma a mako. Tsinke mangwaro da zarar ya ƙosa, kafin ya nuna a bisa, yana rage kwanakin da macen za ta same shi, sannan a ƙananan itatuwan gwaiba ana iya sa wa kowane ɗa jakar takarda.

16. Wa zan tuntuɓa idan na kasa gane ƙudan ko na rasa inda zan sayi abincin?

A fara da malamin gona na ƙaramar hukuma ko ofishin hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, wato KTARDA, mafi kusa. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda hedikwatarta ke Ibadan, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, akwai kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya. Wanda zai je ya tafi da ƙudajen cikin ƙaramar kwalba mai sifirit don kada su ruɓe, da mangwaro ɗaya ko biyu masu tabon suka, da littafin ƙirgensa, ya kuma faɗi irin itatuwan da ke lambunsa da na maƙwabtansa da watan da kowanne yake nuna.